Wane bijimi zan zaɓa don barbarar allura?

Mai_Garke:
Assalamu alaikum. Ina da shanu mata 14, yawancinsu Gudali, da karsana 5 da ba su taɓa haihuwa ba. Don nama nake kiwo, kuma damuwata ita ce maraƙan ba sa saurin cika, sai in yi ta ciyarwa nauyi bai zo ba. Bana ina so in gwada barbarar allura, wato a saka wa saniya maniyyin bijimi ba tare da ya hau ta ba. Mai aikin ya kawo min takarda mai hotunan bijimai, Charolais da Angus da Simmental da Brahman, kowanne da jerin lambobi a ƙarƙashinsa. Ni dai hankalina ya kwanta da wani farin Charolais, ƙato, cinya kamar turmi. In saka wa duka maniyyinsa, ko da abin da ya kamata in fara dubawa?

Tsohon_Makiyayi:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, don Allah ɗauke idonka daga hoton nan tukuna. Bijimin da aka ɗauka hoto an ciyar da shi an wanke shi, kuma abincin da ya ci ba ya bin maniyyi. Lambobin nan da ka tsallake su ne maganar. Ana kiransu EPD, wato hasashen yadda 'ya'yansa za su bambanta da na sauran bijimai 'yan jinsinsu. BW nauyin maraƙi ne ranar haihuwa, WW nauyinsa a lokacin yaye, wanda ake lissafawa a kwana 205, YW kuma a shekara ɗaya. CED shi ne sauƙin haihuwa ga karsana, kuma gwargwadon girman lambar, gwargwadon sauƙin.

Karsanan nan biyar su ne suka sa na tsaya rubutu. Charolais yakan ba da maraƙi mai nauyi da faɗin ƙashi, ita kuwa karsana ƙugunta bai gama buɗewa ba. Na taɓa kwana ana jan maraƙi daga cikin karsana, aka rasa ɗan, uwar kuma ba ta sake ɗaukar ciki ba. Ba na so ka ga wannan. Su ka nemo musu bijimi mai ƙaramin BW da babban CED, ko da WW ɗinsa bai burge ka ba. Manyan shanunka masu tozo da suka saba haihuwa sun fi iya ɗauka.

Ka kuma duba ACC, lambar da ke tsakanin 0 da 1. Idan ta kusa 1, an auna 'ya'yansa da yawa ke nan. Idan tana ƙasa, saurayin bijimi ne, lambobinsa na iya sauyawa. Kada ka gwada lambar Angus da ta Charolais kai tsaye, kowane jinsi da ma'auninsa.

Uwar_Maraka:
Baba ya faɗi gaskiya. Ni tambaya ɗaya zan yi maka, Malam: 'ya'ya matan da za a haifa, sayar da su za ka yi ko su ne shanunka na gobe? In duka maraƙan kasuwa za su, to ka bi nauyi. In kuwa za ka riƙe matan, ka tuna saniya mai girman jiki cinta ma mai yawa ne, kuma jinin Turai in ya yi yawa, zafi da kaska sukan galabaitar da ita. Rabi da rabi yakan yi kyau ƙwarai a zubin farko, daga nan ne ake ruɗuwa a ƙara. Shi ya sa a Amurka aka tsayar da gaurayen jinsin da ake kira Brangus a kan kashi 3 cikin 8 na Brahman, 5 cikin 8 na Angus. Ka tambaya ko akwai bijimi mai tozo, Brahman ko Boran, mai lambobi masu kyau. Bijimi mai manyan maraina kuma 'ya'yansa mata sukan balaga da wuri.

Sannan kada ka zuba wa garke duka bijimi ɗaya. A 2008 an gano wata cutar gado a Angus wadda ke sa a haifi maraƙi a mace da karkataccen gadon baya, kuma ta bazu ne ta zuriyar wani shahararren bijimi da aka yi ta amfani da maniyyinsa. Ka nemi shaidar gwajin cututtukan gado.

Ma'aikacin_Dabbobi:
Ƙari kaɗan. Ko wane bijimi ka zaɓa, maniyyin yana zaune ne a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, kuma in tulun ya taɓa ƙafewa, shi ke nan. A narkar da shi a ruwa mai ɗumin digiri 35 zuwa 37 na kamar daƙiƙa 30 zuwa 45. Saniyar da ka ga tana tsayawa a hau ta da safe, a yi mata da yamma. Masu tozo lokacin neman barbararsu gajere ne, sau da yawa cikin dare, sai ka sa ido. Wadda ba ta ɗauka ba za ta dawo bayan kamar kwana 21.

Mai_Garke:
Allah ya saka muku da alheri. Hajiya, matan riƙewa zan yi. Don haka Charolais ɗin zan saka wa manyan shanu huɗu kawai, waɗanda 'ya'yansu za su kasuwa, sauran manyan a yi musu Brahman. Baba, gobe zan turo lambobin Angus biyu da ke takardar, ka taya ni duba wanda ya dace da karsanan.