Na mayar da Hiace ɗina motar kwana, me zan tanada kafin in shiga Cadi da Najeriya da ita?

Ɗan Garwa

Assalamu alaikum iyayena da yayyena, barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san hanya. Ina da Toyota Hiace doguwa mai shan gazuwal, wato dizal, da can fasinja ake ɗauka da ita tsakanin Garwa da Gider, to bara na tsayar da haya na cire kujerun baya duka, na bar layin gaba da layi ɗaya na bayan direba. Wani kafinta a unguwarmu ya yi min gadon katako mai naɗewa da akwatuna a ƙarƙashinsa, na ɗora sola a rufi da batir na biyu, na sa tankin ruwa lita 100 da ƙaramin murhun gas. Mun gwada kwana a ciki sau biyu a bakin dam ɗin Lagdo, wallahi yara har yanzu zancen suke.

Niyyata in Allah ya kai mu hutun Disamba in ɗauki mai ɗakina da yara biyu mu je Njamena wajen ƙanwata, in mun dawo mun huta kuma mu bi ta Yola mu tafi Kano, can ne asalin kakanmu kuma yaran basu taɓa gani ba. Kuɗin masauki ne yake karya ni duk tafiya shi yasa na yi wannan dabarar. Ni dai ban taɓa fita da mota tawa waje ba, kullum motar haya nake bi. Fermi B, wato lasisin tuƙin ƙaramar mota, ne da ni. Asirans ɗina na nan, wato inshorar motar, zai yi aiki a can? Wace takarda duwan, wato kwastan, ke nema? Kuma tukunyar gas ana bari a ƙetara da ita? Allah ya saka da alheri.

Baba Direba Ngaundere

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya sa albarka a motar. Kafin ka yi zancen Cadi ko Najeriya, ɗauko kart giriz ɗinka, wato takardar rajistar motar, ka duba wurin da aka rubuta yawan kujeru. In motar haya ce ka ce, to abin da ke rubuce kujerun haya ne, ita kuma takarda bata san ka cire komai ba. Fermi B iyakarsa kujera 9 har da ta direba, kuma nauyin mota da kayanta kada ya wuce tan 3 da rabi. Jandarma ba zai ƙirga kujerun da ke ciki ba, abin da ke takarda zai karanta, ya ga kujera goma sha wani abu ya ce ina fermi D ɗinka, lasisin tuƙin motar fasinja mai kujeru da yawa. Tun kafin ka fita Kamaru ma za a tsayar da kai kan wannan. Ka je ofishin sufuri na Garwa ka ce ka canza fasalin mota kana so a gyara kart giriz ta dace da yadda take yanzu, daga nan ka sabunta bizit teknik, takardar duba lafiyar mota, ka kuma gaya wa masu asirans ɗinka cewa ta daina haya ta koma ta gida. In baka gaya musu ba ranar da wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, da wannan za su kama su ƙi biya.

Na biyu sunan wa ke kan kart giriz ɗin? Da yawanmu muna sayen mota mu bar sunan mai ita na farko shekara da shekaru. Cikin gari ana lallaɓawa, bakin iyaka ba a yi. Ko dai ka mayar da sunanka, wanda shi ya fi, ko ka riƙe takardar wakilci da mai sunan ya sa hannu aka buga mata hatimin hukuma.

Sai lambar shasi. Ka nemo inda aka buga ta a jikin ƙarfe, ka goge da buroshi da ɗan gazuwal har ta fito fes, ka karanta harafi harafi kana dubawa da takarda. Ni wannan ya taɓa cin min yini guda cur a wata iyaka, lamba ɗaya tak, 8 ce a ƙarfe an rubuta 3 a takarda, tun hantsi nake zaune a kan benci har aka kira magariba, kayan mutane na cikin rana, kuma laifin ba na wanda ya tsare ni ba ne, aikinsa ya yi.

Takardar duwan da ka tambaya ita ce lasefase, wasu na cewa pasaban. Ƙasar da ka shiga ce take ba ka, ma'anarta motar baƙuwa ce ba sayar da ita ka zo yi ba. Akwai ranar ƙarewa a jiki, ka karanta ranar tun kana gaban mai rubutawa, in kwanakin basu ishe ka ba ka faɗa a wurin. Ranar fita kuma ka tabbata ka miƙa ta an buga maka hatimin fita. Turawan da ke yawo da irin motarka wani littafi suke riƙewa mai suna karne da pasaj wanda ake ajiye kuɗin jingina mai yawa kafin a ba ka, kai da kake zuwa maƙwabta ka dawo lasefase ake yi. Duk kuɗin da ka biya ka karɓi rasit.

Maman Yara Njamena

Sannu Yaya, Allah ya kawo ku lafiya. Ɓangaren Cadi da sauƙi tunda mu da ku duk muna cikin CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen tsakiyar Afirka. Ka duba cikin takardun asirans ɗinka akwai wata mai ruwan hoda, kart roz, ita ce ke aiki a ƙasashe 6 ɗin nan, Kamaru, Cadi, Gabon, Kongo, Afirka ta Tsakiya da Ikwatoriyal Gini. Ka duba ranarta kada ta ƙare kana hanya. Amma fa ka sani ɓarnar da ka yi wa wani take biya, bata gyara maka taka motar. Biza babu tun 2017, kuɗinmu ma ɗaya ne.

Abin da maza ke mantawa kullum shi ne takardun yara da na uwarsu. Kowa da nasa katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawan nan, har ƙaramin in ya wuce wata 9. Allura ɗaya ce ta isa har ƙarshen rayuwa, tun 2016 aka daina maganar sabuntawa bayan shekara 10, to in kana da tsohon kati kada ka yar. Takardar haihuwar yara ta asali da kwafi. Ni a jaka ɗaya ta roba mai zif nake zuba komai, kwafin kuma a wata jakar daban.

Hanya kuma dan Allah da yara kada ka bi Mora, Waza, Dabanga zuwa Kuseri in ba dole ba, ramuka ga kuma matsalar tsaro da kowa ya sani. Yanzu akwai sabuwar gadar Yagwa da Bongor a kan Logon, ka bi ta Kaele ka fito Yagwa ka haye, daga Bongor ka miƙe ta Gelendeng har Njamena. Ka fita da asuba ka isa iyaka da rana tsaka. Kuma ka gargaɗi yara da wayoyinsu, ba a ɗaukar hoton gada ko shingen sojoji ko ofishin gwamnati, a nan ba a wasa da wannan ko kaɗan.

Maganar kwana ita ce ta fi damuna. Kada ka ga fili mai kyau da bishiyoyi ka ce nan za mu kwana. In dare zai same ka ka shiga gari tun da sauran haske, ka nemi mai gari ko limamin masallaci ka gabatar da kanka, za su nuna maka inda zaka tsaya kusa da mutane, sau da yawa ma tuwo zai biyo baya. In kun iso nan kuma ka shigar da ita cikin gidan ƙanwarka, kada ku kwana a bakin titi. Disamba da sanyi da dare, ku zo da barguna, gidan sauro ma kada a bari.

Ɗan Garwa

Baba na duba yanzun nan, kujera 15 ke rubuce kuma har yanzu sunan wanda na saya wajensa ne. Innalillahi, da haka zan tafi. Allah ya ƙara girma. Hajiya na gode ƙwarai, katin shawarar ƙaramar ne bamu da shi, za a kai ta asibiti satin nan.

Makanike Marwa

Alhaji ni gas ɗin nan ne ya tsaya min a rai tunda na karanta. Tukunyar girki ɗaya ta amfanin iyali ba ita ce matsala a iyaka ba, matsalar yadda ka ajiye ta. A tsaye zata zauna, ɗaure da bel a jikin mota, cikin akwatinta mai huji a ƙasa wanda ya fita waje, saboda gas ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya daidai inda yara ke barci. Kana tuƙi a rufe take daga kan tukunyar. Kuma kada a taɓa girki ko kunna gawayi a ciki ƙofa a rufe wai don sanyi, hayaƙin da ke kisa baya wari baya da launi, mutum barci kawai zai ji. A dafa a waje, ko ƙofar baya da ta gefe duk a buɗe. Ka cika ta a Garwa kafin ka tashi don kan tukunya ba iri ɗaya ba ne ko'ina.

Nauyi kuma mutane na raina shi. Lita 100 na ruwa kilo 100 ne, ga katako ga batir ga buhun shinkafa ga tsarabar 'yan uwa, ka je ka auna ta a sikeli da kayanta duka ka gani da idonka. Tankin ya zauna ƙasa tsakanin tayoyi ba a rufi ba, Hiace in sama ta yi nauyi tana rawa a kwana. Batir na biyu a sa masa fiyus kusa da kansa kuma a raba shi da na tada mota, in ba haka ba fanka da firij su shanye maka wuta da dare ka wayi gari mota ta ƙi tashi a garin da baka san kowa ba. Safaya biyu in da hali, jak mai kyau da guntun katako mai kauri na ɗora shi a yashi, bel na injin, matatar gazuwal guda biyu don ƙurar hunturu da man bakin hanya suna toshe ta da wuri. Ka duba shekarar tayoyinka a gefensu, lamba huɗu ce, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara.

Mai Zuwa Jimeta

Yaya ni kusan duk wata ina shiga Yola, bari in faɗi na Najeriya tunda ba wanda ya taɓo. Kart roz ɗinka a bakin iyaka take tsayawa, Najeriya ba CEMAC ba ce, su ECOWAS ne nasu katin ruwan ƙasa ne, to dole ka sayi inshorar da ke aiki a can, kuma ka saya a ofishin kamfani na gaske ba hannun yaran da ke tare mutane a bakin shinge ba. Ɗan Kamaru baya buƙatar biza amma ka tafi da fasfo a buga maka shiga, da iyali har Kano zaka je ba kasuwar bakin iyaka ba. Ka yi fermi na ƙasa da ƙasa tun a gida, naka da Faransanci yake, wancan yana rage dogon bayani. Tuƙi hannun dama ne kamar namu.

'Yan rod sefti abin da suke tambaya kusan kullum ɗaya ne, abin kashe gobara wanda ranarsa bata wuce ba, alamar nan mai kusurwa uku, safaya, bel a ɗaure, fitilu duk suna kamawa. In ka manna baƙar leda a gilasai don kada a ga masu barci, ka ɓare ta ka sa labule, baƙin gilashi a can sai da izinin 'yan sanda. Labulen ma ka yaye shi in ka doso shinge, ka kashe rediyo, ka sauke gilashi ka yi sallama, in sun ce buɗe baya ka buɗe da kanka ka nuna gadon da akwatunan, yawancinsu mamaki ma suke yi su yi ta tambaya nawa ka kashe.

Sefa bata karɓuwa a gidan mai, ka canza naira, ka sayi layin waya na can. Daga Yola ka bi Numan, Gombe, Bauci sannan Kano, kwana biyu ka ba ta kada ka matsa, kuma in rana ta faɗi ka tsaya. In yara na son ganin daji Yankari na kan hanyar tsakanin Gombe da Bauci, akwai ruwan ɗumi na Wikki da wurin ajiye mota a cikin sansanin. Iyakar Banki da ta Gamboru kada ma ka sa su a lissafi. Da dawowa ka cika tanki kawai, kada ka jera jarkokin mai a baya, duwan zasu ɗauke ka mai fasa ƙwaurin zuwa-zuwa, wato man bakin hanya, alhali kai da iyalinka ne.

Ɗan Garwa

Allah ya biya ku duka, na rubuta komai a littafi. Gilasan baya kam na manna musu leda, gobe zan ɓare. Na kira wanda ya sayar min da motar, yana Figil, ya ce ranar Litinin zai shigo mu je a yi canjin suna tare, daga nan in shiga maganar kujerun. Malam makanike in na leƙo Marwa ƙarshen wata zan biyo da ita ka duba min akwatin gas ɗin, don nawa ba huji a ƙasa kuma a kwance na ajiye tukunyar ƙarƙashin gado.