Adashin bara da kuɗin bana: kowa ya faɗi yadda ta kaya masa

Uwar Adashi: Salam jama'a. Mu 12 muke zubi, dubu 20 duk wata, mun fara a farkon 2023. Wadda ta fara kwasa ta sayi firiza har da canjin kai wa gida, ni da na ce bari in zama ta ƙarshe tunda ni ce uwa, da na kwashi dubu 240 ɗina na je kasuwa sai mai shago ya ce Hajiya sai kin ƙaro. Kuɗin dai sun cika cif babu ko kwabo da ya yi ciwon kai amma wlh kamar an yanke su. Akwai wanda hakan ta same shi?

Tsohon Malamin Firamare: Hajiya ai tsakiyar zubinku aka cire tallafin mai, 29 ga Mayu, litar da muke sha ƙasa da 200 ta haura 500, sai kuma aka saki naira a Yuni. Ni albashi nake lissafi da shi. A 2011 mafi ƙarancin albashi dubu 18 ne, ya haura dala 100 a lokacin. A 2024 aka mai da shi dubu 70, lamba ta yi ƙiba amma bai kai dala 50 ba. Yarana dariya suke in na ce mun sha fiya wata naira 5.

Ɗan Kwari: Baba mu 'yan kasuwa tamu ta fi ciwo, ka sayar da shadda kana murna ka ci riba, ka koma sari kuɗin duka uwa da riba ba za su maido maka yadin da ka fitar ba. Shi ya sa yanzu bashi ya wuce sati biyu bana bayarwa ko ɗan uwa ne, a yi haƙuri.

Bamaradiya: Mu nan Maradi iyayenmu har yau suna maganar 1994 da aka karya sefa rabi dare ɗaya. Yanzu kuma wanda ya ajiye naira ne ke kuka.

Maman Biyu: Mahaifiyata shekaru tana tara kuɗin Makka, 2024 ta biya ta fara sallama da dangi sai aka ce kowa ya ciko kusan miliyan 2 saboda dala ta tashi. Gona aka sayar.

Uwar Adashi: Allah sarki, Allah ya karɓa mata. Mu dai bana mun koma zubin shinkafa, kowa kwano biyar, sai dai har an fara rigima wata ta kawo mai tsakuwa.