Ranar da aka ji abin da ke kunnena: masu sauraron death metal a Kano

Mai buɗe zance, Gwale: Jama'a, na san mu masu sauraron death metal, kiɗan Turawan nan mai rugugin jita da ganga da waƙa cikin gurnani, ba mu da yawa a garin nan, kowa a ɓoye yake sha'aninsa. Tambayata ɗaya ce: ranar da wani ya fara jin abin da kuke saurara, me ya faru, kuma wane kundi ne? Bari in fara. Ban san wayata tana haɗe da sifikar falo ba, na danna Leprosy na ƙungiyar Death, wanda ya fito a 1988. Hajiyarmu na zaune tana tsintar shinkafa. Faranti ta saki tana salati, ta ce a je a duba janareta. Da ta gane daga wayata ne, ta daɗe tana kallona kafin ta ce, "Wannan mutum ne, ko kura aka ɗaure?" Har gobe in na sa abin kunne sai ta ce na tafi gaida kurata.

Mai gyaran waya, Farm Centre: Ni a bakin aiki na haɗu da abin. Wani ya kawo waya a canza masa sifika, na gama, na kunna abin da na fara gani a memori don gwaji. Ashe kundin Tomb of the Mutilated ne na ƙungiyar Cannibal Corpse, na 1992. Ogana ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Kai, wannan sifikar ma a fashe take, sake wata." Sau biyu ina canzawa kafin mai wayar ya dawo yana dariya. Gangar ce ta kama ni, yadda ƙafa biyu ke dukan feda ba numfashi. Amma gaskiya hoton bangon kundin nan ba na iya kallonsa, ban yi mamaki ba da na ji an taɓa hana shi a Jamus. Yanzu Obituary na fi so, Cause of Death na 1990. Su ba sa gaggawa, a hankali suke niƙa ka kamar injin markaɗe.

Wata 'yar'uwa, Hotoro: Yaya na Gwale, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ta yi maka da sauƙi. Ni abokiyar ɗakina a makaranta ta zare min abin kunne cikin dare don ta ji me ke sa ni kaɗa kai. Da safe cikin lallashi ta ce ta san mai ruƙiyya, ba wanda zai ji. Symbolic nake ji, shi ma na Death, na 1995, kuma a nan zan saɓa maka. Leprosy aikin ƙuruciya ne. Tun daga Human na 1991 Chuck Schuldiner, jagoran ƙungiyar kuma mawaƙinta, ya bar zancen gawa da jini ya koma kan ɗan Adam: cin amana, tuna yarinta, mutane masu fuska biyu. Na zaunar da ita na fassara mata baiti biyu, ta yi shiru, sannan ta ce to me ya hana shi faɗa da muryar mutane? Ban sami amsa ba. Chuck ya rasu a Disamban 2001 da ciwon daji a ƙwaƙwalwa, yana da shekara 34.

Mai buɗe zance: Ƙanwata, Symbolic ya fi gyara, ban musa ba. Amma ni ɗanyen nake so.

Ɗan adaidaita sahu, Kurna: In ɗanye kake nema, Left Hand Path na Entombed, 1990. 'Yan Suwidin ne, a situdiyon Sunlight da ke Stockholm suka naɗa, da wata 'yar na'urar jita ta Boss HM-2 da suke murɗe komai nata har ƙarshe. Ƙarar sak zarton 'yan katako na Na'ibawa. Wata safiya na sa shi ƙasa-ƙasa, wani dattijo ya shiga a Bata. Ba mu yi nisa ba ya dafa kafaɗata: "Yaro, tsaya wajen bakanike, mashin ɗin nan zai kashe mu." Na ce Baba waƙa ce. Ya ce to sauke ni. Kuɗinsa ma ya biya, ya ƙi karɓar canji.

Wani malamin lissafi, Sabon Gari: Ni matata ce ta kama ni, kuma tambayarta ta fi ta kowa nauyi: me suke cewa? Ranar Altars of Madness na Morbid Angel nake ji, na 1989, ɗaya daga manyan kundayen da aka naɗa a situdiyon Morrisound, can Tampa ta Florida. Kiɗan ba shi da na biyu a wurina. Na nemo baitocin don in kare kaina, na karanta, jikina ya yi sanyi, na goge a gabanta. Ƙungiyar Deicide kuwa ko kusa ba na zuwa, mawaƙinsu da ya ƙona alama a goshinsa don ɓatanci ba ni da haɗi da shi. Tun daga nan sai na karanta kafin in saurara. Kuma kada ku ɗauka harkar Turawa ce kawai, ku nemi Overthrust, baƙaƙe ne irinmu daga garin Ghanzi a Botswana.

Mai gyaran waya: Malam, Botswana fa ka ce? Gobe ka biyo shago da wayarka, ina da memori.