Ƙanena zai tafi Kanada aiki: ta yaya zan gane wakili mai lasisi?

'Yar Aboabo: Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema kafin in yi abin da zan zo ina da-na-sani. Ƙanena mai walda ne a Suame, nan Kumasi a Gana, shekararsa tara yana aikin, hannunsa duk tabon wuta. Wani mutum mai ofis a Adum ya ce zai samo masa aiki a Kanada, sidi 45,000, rabi yanzu ta MoMo (tura kuɗi ta waya), rabi idan biza ta fito. Fasfo ɗin yaron ma yana hannunsa tun makon jiya. Na tambaye shi takardar shaida, sai ya nuna mini satifiket a bango ya ce yana da lauya a can. Ni ɗinki nake yi, kuɗin adashena ne da sarƙar gwal ɗin mahaifiyarmu za su tafi. Na ji ana cewa akwai wakilai masu lasisi. Yaya ake gane su, kuma dole ne sai da su?

Ɗan Asawase a Toronto: Wa alaikumus salam Yaya. Kar ki tura ko sisi tukuna. A dokar Kanada, wanda zai karɓi kuɗi ya ba da shawarar shige da fice sai ya zama lauya ko mataimakin lauya (paralegal) da ke da rajista a ƙungiyar lauyoyin wata jiha ta ƙasar, ko notari (masanin doka mai tabbatar da takardu) na jihar Kebek, ko wakili mai lasisin hukumar da ke kula da wakilan shige da fice, wadda ake kira CICC. Ita wannan hukumar ta fara aiki a Nuwamba 2021, kuma tana da rajista a intanet wadda kowa zai iya dubawa kyauta. Lambar lasisin wakilanta tana farawa da harafin R sai alƙaluma shida. Ki ce wa mai ofishin ya ba ki cikakken sunan wancan lauyan nasa ko lambar; in lauya ne da gaske, a rajistar ƙungiyar lauyoyin jiharsa za a duba shi. Satifiket ɗin da ke bango wataƙila na rajistar kamfani ne a can Gana, wannan bai ba shi ikon wakiltar kowa a gaban gwamnatin Kanada ba.

In ma ya ba ki suna, kar ki tsaya nan. Ɓarayi suna ɗaukar sunan mai lasisi na gaske su maƙala a takardarsu. Ki ɗauki adireshin imel ɗin da ke cikin rajistar, ki rubuta wa mutumin da kanki, ki tambaye shi ko ya san ɗan Adum ɗin.

Maman 'Yan Biyu: 'Yar uwa, ni abin ya ci. Mijina ya bi ta hannun irin waɗannan mutanen. Suka cika masa fom, suka haɗa da takardar banki da ba tasa ba, shi bai ma gani ba. Da amsa ta zo, ba ƙin biza kaɗai aka yi ba, an haramta masa shiga shekara 5 saboda ba da bayanin ƙarya. Muka koma ofishin, mutumin ya ce ai sunansa ba ya ko'ina a takardun. Gaskiya ya faɗa, babu. Na zauna a matakalar ofishin nan ina kuka har mai sayar da ruwa ta kawo mini leda ɗaya ta ce in wanke fuska. Har yau muna biyan bashi.

Ɗan Asawase a Toronto: Allah Ya mayar da alheri, Maman 'Yan Biyu. Abin da kika faɗa shi ne babbar alama. Wakili na gaskiya yana sa sunansa a fom ɗin naɗa wakili, IMM 5476, ya kuma rubuta yarjejeniya da ke nuna aikin da zai yi da abin da za a biya. Wanda ya ce "ka ce kai ka cika da kanka", kansa yake karewa. Sannan Yaya, kuɗin gwamnati na izinin aiki dalar Kanada 155 ne, na ɗaukar hoton yatsu 85. Takardar LMIA da ke ba kamfani damar ɗauko ma'aikaci daga waje dala 1,000 ce, kuma kamfanin ne ke biya, haramun ne a ɗora wa ma'aikaci. Ki tambayi ɗan Adum ɗin sauran kuɗin na mene ne.

Malamin makaranta daga Sawaba: Ni ina da ɗan ja. Kar a sa wa baiwar Allah nan rai cewa lasisi shi ne biza. Mai lasisi ma kuɗinsa da tsada, kuma jami'in biza ne ke yanke hukunci, ba shi ba. Ba dole ba ne a ɗauki wakili, mutum yana iya nema da kansa. Matsalar yaron nan ita ce samun kamfanin da zai ɗauke shi da gaske, da takardun da za su nuna shekarunsa tara a walda. Ubangidansa na Suame ya taɓa rubuta masa shaida? Yana jin Turancin da zai ci jarrabawa? A fara da nan, hajiya.

Kawun Yara: 'Yata, je ki karɓo fasfo ɗin nan gobe da safe, ki tafi da namiji babba. Kuma sarƙar mahaifiyarku ba taki ce ke kaɗai ba, ki sanar da sauran magada.

'Yar Aboabo: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Kawu, na ji, kuma na kira yayarmu ta Tamale na gaya mata. Yau muka je da mijin ƙanwata. Da na nemi lambar lasisin sai ya ce lauyan yana tafiya, in dawo Litinin. Fasfo kuwa sai da muka zauna awa biyu kafin ya ciro shi daga durowa, cikin wasu da yawa ɗaure da roba. Yana jakata yanzu. Malam, yaron ya ce ubangidansa zai rubuta shaidar. A ina ake yin jarrabawar Turancin a nan Kumasi?