Kakanmu ɗan Bama ne: ta ina ake bin diddiginsa a takardun soja, na gado da na ƙidaya?

Jikan Ɗan Bama:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ana rubuta salsalar gidanmu, an zo kan kakanmu na wajen uba abu ya cije. Mutumin ƙasar Kano ne, ya yi yaƙin Hitila, an ce har ƙasar Bama (Myanmar ta yau) ya je. Abin da ke hannu: minda biyu masu siffar tauraro, hoto ɗaya da kaki, da wata tsohuwar takarda ta Larabci da ake cewa ta rabon gadon mahaifinsa ce. An kuma ce sunan da ya amsa a soja daban yake da na gida. Shin ƙidayar 1931 ko ta 1952 na ɗauke da sunayen mutanen gida? Akwai inda ake ajiye tsofaffin wasiyyoyi? Masana a taimaka.

Malam Na-Taska:

Wa'alaikumus salam. Fara cire ƙidaya daga lissafi. A Ingila ana rubuta kowane gida da sunan kowa da shekarunsa, a buɗe wa jama'a bayan shekara ɗari, shi ya sa ta 1921 ta fito a 2022. A nan abin da aka buga daga ƙidayar 1921 da 1931 da 1952 alƙaluma ne: maza kaza, mata kaza, a gunduma kaza. Ta 1931 ma yawancinta daga lissafin haraji aka tattaro ta.

Don haka harajin shi ne abin bi. Malamin haraji yana rubuta magidanta da baligan maza ƙarƙashin kowane mai unguwa, mata da yara kuwa adadi ne kawai. Matsalar ita ce littattafan suna hannun En'e, wato hukumar gargajiya, da ofisoshin hakimai, da aka rushe En'e a 1976 kuma aka soke haraji a Kano da Kaduna a 1979, da yawa gara da ruwan sama suka cinye su. Tambayi gidan dagaci da gidan hakimin garinku tukuna, ka kuma binciki tsohuwar adakar gida ko za a dace da rasit. Rasit guda yana ba ka suna, shekara da unguwa. Rashin ganin sunan mutum kuma ba hujja ba ce cewa ba ya garin, don ana ɓoye samari ranar ƙirga saboda a rage kuɗi.

Bayan nan sai ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Fayilolin lardin Kano suna ƙarƙashin KANOPROF, na Zazzau ZARPROF, na Sakkwato SOKPROF, na sakatariyar Arewa SNP. Nemi rahoton kimanta haraji na gundumarku da littafin gunduma da Di'o, jami'in mulki na zamanin Turawa, ke ajiyewa. A ciki akwai tarihin kafuwar ƙauyuka, daga ina mutanensu suka taso, da jerin dagatai da hakimai. In gidanku na sarauta ne ko na limanci, za ka sha mamaki. In na talakawa ne, ƙauyen za ka samu, da wuya ka ga mutumin. Ka je da sunan gundumar na wancan zamani, kar ka je da sunan ƙaramar hukumar yau, kuma ka gwada rubutun Turawa iri-iri don sukan karkata sunan gari. Arewa House a Kaduna da Gidan Ɗan Hausa a Kano su ma a leƙa.

Tsohon Samanja:

Malam ya gama da ƙidaya. A soja lamba ce mutum, suna na biye. Sojojin Nijeriya na wancan yaƙi lambarsu na farawa da NA. Tana cikin littafin albashi da takardar sallama, wani lokaci a bayan hoto ko a takardar ƙungiyar tsofaffin sojoji. Kar ka wahalar da kanka neman ta jikin mindar: taurarin yaƙin duniya na biyu an raba su babu suna. Na yaƙin farko ne ake buga suna da lamba a jikinsu.

Batun suna kuwa, magatakardan ɗaukar soja yakan rubuta sunan yanka ya liƙa masa gari, a samu Audu Kano, Musa Bauci, Garba Katsina. Garin kuma sau da yawa inda aka ɗauke shi ne ko babban birnin lardinsa, ba lalle mahaifarsa ba. Wani ya gudo daga gida ya canza suna don kar a biyo sawu, wani kuma ba Bahaushe ba ne sam, a bariki ya samu sunan. Bataliya guda tana iya ƙunsar Audu Kano da yawa, shi ya sa bincike da suna kaɗai ke kai mutum gidan wasu.

Ga abin da za ka duba yanzu. Kalli ƙyallen minda: ja a tsakiya, shuɗi mai duhu a gefe da ratsin ruwan lemo, tauraron Bama ke nan. Mai launin rairayi da ja a tsakiya da siraran ratsi shuɗaye, tauraron Afirka ne. Sannan kalli kafaɗar rigar da ke hoton. Baƙin gizo-gizo a kan rawaya tambarin runduna ta 81 ne, wadda ta yi yaƙi a kwarin Kaladan na ƙasar Bama a 1944. Mashi biyu gicciye a kan gammo na runduna ta 82 ne, wadda ta shiga yankin Arakan na Bama ƙarshen 1944, aka ci garin Myohaung a Janairun 1945.

Jikan Ɗan Bama:

Allah ya saka da alheri. Ɗaya ƙyallen na Bama ne yadda ka kwatanta, ɗayan mai launin rairayi ne. Hoton ya dushe amma kamar mashi biyu ne gicciye.

Tsohon Samanja:

To ka rage hanya. Tauraron Afirka tare da tambarin ta 82 yana nuni ga bataliya ta 1, ta 2 ko ta 3 ta rejimantin Nijeriya. Su ne suka tafi gabashin Afirka a 1940, suka shiga Mogadishu a Fabrairun 1941, suka wuce Habasha, daga baya aka sa birged ɗinsu cikin runduna ta 82. Ma'ana kakanku ya riga ya shiga soja kafin ƙarshen 1941, ba ya cikin waɗanda aka ɗiba a 1942 da 1943. Wannan kaɗai ya taimaka wajen ƙiyasta haihuwarsa. Sauran bataliyoyin Nijeriya na rundunar su ne ta 5, ta 9 da ta 10. Ta 6, ta 7 da ta 12 kuwa su aka ba Chindit, rundunar da ta riƙa kutsawa bayan layin Japanawa a Bama, sunan da barikin Zariya ke amsawa har yau.

Fayilolin ɗaiɗaikun sojojin Afirka an bar su a ƙasashensu, ofishin bayanan sojan ƙasa na Nijeriya kuma yana Lakwaja, sai da lamba ake rubuta musu. Abin da ke ma'ajiyar takardun tarihi ta Birtaniya a Kew da ke Landan littafin yau da kullum ne na kowace bataliya, jerin WO 172 na fagen Bama. Zai gaya maka inda bataliyar ta kwana da ranar da aka gwabza, amma ƙaramin soja ba ya cika fitowa da suna sai in an kashe shi, an ji masa rauni ko ya yi bajinta. Na bajinta suna WO 373, ana neman su da suna ta intanet. Wanda bai dawo ba kuma a duba shafin hukumar kaburburan yaƙi ta Commonwealth, kyauta ne, sunayen 'yan Nijeriya na jikin bangon tunawa da ke maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon.

Muhutin Alƙali:

Takardar Larabcin nan ita ce mafi daraja a kayanka, a ganina ta fi mindar. Amma kar ka sa rai da wasiyya. A shari'a wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yi wa magaji, don haka sunayen da ke cikinta galibi na waɗanda ba sa gado ne: almajiri, agola, ɗan riƙo, masallaci. Mai jero iyali ita ce takardar rabon gado, kuma alƙalan En'e suna rubuta ta a littafi saboda ushirar da ake cirewa a kai Baitulmali. Da aka mai da kotunan hannun jihohi a ƙarshen shekarun 1960, littattafan wasu sun zauna a kotun, wasu sun koma hannun zuri'ar alƙalai.

Kason kowa yana gaya maka matsayinsa ko da ba a faɗa ba. Matar mamaci ta karɓi tumuni (ɗaya bisa takwas), mamacin ya bar ɗa ko jika ta wajen ɗa. Ta karɓi rubu'i, bai bari ba. Mata uku sun raba tumuni, ka san adadin matan da ya mutu ya bari. An fitar da sudusi (ɗaya bisa shida) ga wata dattijuwa, uwarsa ko kakarsa na raye, ka samu ƙarin tsani guda a salsala. Namiji na ɗaukar ninkin mace, don haka ko gara ta ci sunan, adadin zai nuna ɗa ne ko 'ya.

Inda ake zamewa shi ne ɗaukar jerin magada a matsayin dukkan iyali. Ɗan da ya riga uba rasuwa ba ya ciki, 'ya'yansa ma ba sa ciki muddin akwai wani ɗa namiji a raye. Matar da aka saka ta gama idda ba ta ciki. Ƙwarƙwara ba ta gado amma 'ya'yanta na ci daidai da kowa, sai ka ga 'ya'ya ba ka ga uwa ba.

Ka kai wa malamin zaure wanda ya saba da rubutun warshu ya karanta, don fa'un ɗinsu ɗigo ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, mai karatun boko na Larabci yakan juya suna gaba ɗaya. Shekarar hijira ce za ka gani: ninka ta da 0.97 ka ƙara 622, 1360 ta ba ka 1941. Ɗauki hotonta a inuwa kafin ta fita gida, kuma kar a manne ta da leda mai zafi, tawadar gargajiya ba ta jurewa.

Hajiya Mai Tarihi:

Ƙari biyu. Na farko, tsofaffin mata na gidan su ne suka riƙe sunayen da duk waɗannan takardu suka zubar, musamman na iyaye mata da na yaran da suka rasu. Kar a tambaye su shekara, a tambaye su abin da ya faru: kafin yunwar Kakalaba ta 1914 ko bayanta, lokacin 'Yar Buhu ta 1927, zamanin Sarki Usman ko bayan an naɗa Abdullahi Bayero a 1926. A kuma tuna da alkunya, ba za ta faɗi sunan miji ko na ɗan fari ba, sai ta ce Malam ko mai sunan wane. A sa wata jika ta jero sunaye ita kuma ta gyaɗa kai. Kowace a zauna da ita daban, in aka haɗa su babbar ce kawai za ta yi magana.

Na biyu ga masu karantawa da ke da irin wannan neman: ba duk wanda aka ce Turawa sun ɗebe shi lokacin yaƙi ne soja ba. Daga 1942 zuwa 1944 an yi ɗiban gwamna zuwa haƙar kuza a Jos, waɗannan ba su da lambar NA, a fayilolin lardi ake neman labarinsu. Wanda kuma reshen gidansu ke hayin Maraɗi ko Damagaram ya fi mu sa'a, don a zamanin mulkinsu Faransawa suna ƙidaya gida-gida da sunan mata da yara, fayilolin sojojinsu kuma na garin Pau a Faransa, ana neman su da lamba da shekarar ɗauka.