Kajinjiri: abin da masu renon dashe a Kaduna suka ce

Masu renon dashe na bakin Kogin Kaduna sun tattauna kan kajinjiri, wani itace dangin dabino wanda wasu ke kira dabinon biri, ga abin da na tsinta daga bakinsu.

Maganar da aka fi daɗewa a kanta ita ce ta jinsi. Kajinjiri akwai namiji akwai mace, kuma macen ce kaɗai ke 'ya'ya. In ƙwallo ka shuka, ba za ka san abin da ka samu ba sai ya yi fure, bayan shekaru. Shi ya sa dattawan cikinsu suka ce gara a ɓamɓaro ɗan da ya tsiro a gindin uwa mai haihuwa, tare da saiwarsa, a dasa da farkon damina, wajen Mayu ko Yuni, don jinsin uwar zai ɗauko. A rage masa ganye, a yi masa inuwa, a riƙa ba shi ruwa har ya wuce hunturun farko. A ganina wannan shawarar ta fi kowace amfani.

Fadama da bakin rafi ya fi so. Yana fitowa cunkus, sai a rage a bar kara uku ko huɗu. Ƙayar gindin ganyensa doguwa ce mai tsini, don haka a nisanta shi da wajen wasan yara.

'Ya'yansa ƙanana ne, ga zaƙi amma ba tsoka sosai. Ganyen kuwa ana saƙa tabarma da kwando da shi. Sun ja kunnen masu yanka kada su taɓa ƙoƙon tsakiya, wato tohon da ke saman kara inda sabon ganye ke fitowa, domin in ya lalace, wannan karan ya mutu ke nan.