'Yata tana da na'urar ji, amma ba ta jin malama a aji

Maman Hanan: Assalamu alaikum. 'Yata tana aji 3, da na'urar ji a kunnuwa biyu. A gida muna hira lafiya lau, amma kullum sai ta dawo daga makaranta da kuka, wai surutun yara da ƙarar fanka sun danne muryar malama. Ina mafita?

Malam Sani: Hajiya, na'urar har hayaniya take ƙarawa. Ki tambayi likitan ji batun ƙaramin makirufo da malama ke ratayawa a wuya, irin Roger na Phonak. Muryarta za ta shiga kunnen yarinyar kai tsaye, ko ta juya tana rubutu a allo.

Anti Bilki: Shi muke amfani da shi wa ɗana. Ki riƙa cajinsa da dare, kuma malama ta riƙa maimaita tambayoyin ɗalibai, don muryarta ya fi kamawa.

Maman Hanan: Allah ya saka da alheri. Gobe zan tambaya ko na'urarta za ta karɓa.